KAFIN KA ZAƁI SANA'A, JE KA TAMBAYI MAI ITA



Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani matashi ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, shekara 3 ke nan ina aiki a wani kamfanin ba da rance, sai yanzu na gane yawancin aikina rubuta takardun bashi da ruwa ne. Ga iyali, ga kuɗin haya. Ya zan yi?" Na ce, "Kafin ka shiga, ka taɓa zama da wani mai wannan aikin ka tambaye shi?" Sai ya sunkuyar da kai. Wai shi dai ya ga suna sa kwat suna hawa mota.

'Yan uwa, wannan ciwon ya yi mana yawa. Yaro zai cike fom ɗin JAMB ya zaɓi likitanci don a riƙa ce masa Dakta. Bai san shekara 6 zai yi a jami'a ba, ga shekara 1 ta horo a asibiti, ga kwana a bakin aiki. Wani ya zuba jarinsa a Kantin Kwari bai taɓa tambayar ɗan kasuwa yadda bashi ke karya mutum ba.

Alhali addininmu addinin tambaya ne. A Suratun Nahli, aya ta 43, Allah ya umarce mu da tambayar masu sani. A Badar, Manzon Allah (SAW) ya karɓi shawarar Hubabu bn Munzir kan wurin da za a sauka kusa da ruwa. A shekara ta 5 bayan hijira ya karɓi ta Salmanul Farisi aka haƙa ganuwa. Sayyadina Umar (RA) kuwa ya hana wanda bai san hukuncin ciniki ba yin kasuwanci a kasuwar Musulmi. To kai wane ne da za ka faɗa sana'a ido rufe?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka nemi wanda ya daɗe a aikin, ka yi sallama, ka roƙi ɗan lokacinsa. Ka gaya masa ba aiki ka zo nema ba, ba kuɗi ba, sani ka zo nema. Sai ka tambaye shi:

Yaya ranarka take daga safe zuwa dare? Aikin yana barinka ka yi sallah a kan lokaci, har Juma'a? Ta ina haram take shigowa, riba ce, cin hanci ne, ko tauye mudu? Abin da ake samu yana riƙe gida? Me ka so a ce ka sani tun kafin ka fara?

Kada ka tsaya kan mutum ɗaya. Ka ji na wanda ya ci riba, ka ji na wanda ya bari. 'Yar uwa mai son aikin jinya ko ungozoma, ki tambayi mace irinki maganar aikin dare da sutura.

Abin da ya shige maka duhu, ka kai wa malami. Sannan ka yi raka'a biyu ta istihara. Shawara da istihara tare suke tafiya, ɗaya ba ta ɗauke ɗaya.

Ku kuma iyayenmu masu sana'a, idan yaro ya zo, don Allah kada ku ɓoye masa. Amana ya ɗora muku. Ku faɗi daɗin, ku faɗi ɗacin.

Shi wancan matashi na ce ya tuba, ya tashi tsaye neman mafita, kuma wannan karon ya fara da tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mu daga haram, ya shiryar da matasanmu. Amin.