Jira Ko Gaggawa: Wanne Ne Tausayi?

Mu 'yan Adam mun saba auna tausayi da yawan motsi. Idan ɗan'uwa ya kwanta ciwo, likitan da ya yi wuf ya ɗauko allura shi muke yabo, wanda ya ce a dakata kuwa mu yi masa kallon marar imani. Shin wannan ma'auni namu daidai ne? Bari mu gwada shi da ciwon ƙoda na farat ɗaya.

Ƙoda kan tsaya cikin 'yan kwanaki saboda zubar jini, ko amai da gudawa, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Dattin da ya kamata ya bi fitsari sai ya taru a jini, majinyaci ya shiga tashin zuciya da ruɗewa. Wannan ne ake kira yuremiya. A 1945 Dakta Willem Kolff na ƙasar Holan ya ceto wata dattijuwa mai shekara 67 da na'urarsa ta wankin ƙoda. Mafita ta samu, amma yaushe za a fara wankin?

Zuciyarmu za ta ce nan take. Sai dai binciken AKIKI na Faransa a 2016, kan majinyata 620, ya nuna kusan rabin waɗanda aka jinkirta wa ba a yi musu wankin ba sam, kuma yawan mace-mace bai bambanta ba. A 2020 binciken STARRT-AKI ya ƙara da cewa waɗanda aka yi wa gaggawa sun fi zama masu dogaro da na'ura bayan kwana 90. Wanki kan sa ƙarfin jini ya faɗi, abin da ka iya ƙara wahalar da ƙodar da ke neman farfaɗowa. Ashe sauri kan haifi nawa.

To, ke nan jira shi ne nagarta? Ba kowane jira ba. Idan sinadarin fotasiyam ya hau har yana barazana ga zuciya, ko ruwa ya cika huhu, ko yuremiya ta taɓa ƙwaƙwalwa, jinkiri ya zama ganganci. Abin da ya raba haƙuri da sakaci shi ne sa ido: mai haƙuri yana auna jini da fitsari kullum, na'ura kuma tana kusa.

Akwai kuma jira na uku, wanda muka fi sani a asibitocinmu: iyalin da ke zaune a baranda don kuɗin wanki bai haɗu ba. Wannan ba hikimar likita ba ce, ba kuma zaɓin majinyaci ba. Kada mu kuskura mu kira shi haƙuri, domin alhakinsa yana wuyanmu baki ɗaya.