Digirin Dakta a Kan Abinci: Ibada Ne Ko Neman Duniya?

 

Bayan karatun Magariba wani ɗalibina ya tsaya, ya ce: "Malam, na samu gurbin digirin dakta a fannin abinci mai gina jiki da lafiyar al'umma. Amma wani abokina ya ce ilimin tuwo ne, in ajiye in koma kan littattafan addini. Zuciyata ta kasa natsuwa." Na ce masa zan amsa a nan, don tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Da farko mu yi wa abokin nan adalci, akwai gaskiya a bakinsa. Sanin tauhidi, tsarki da sallah farilla ne a kan kowa, babu digirin da yake ɗauke shi. Kuma rayuwa gajera ce. Amma ya manta akwai farillar da ke kan al'umma gaba ɗaya, wato fardu kifaya: idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imamul Gazali a Ihya'u Ulumiddin ya sanya likitanci a wannan sahu, har ya koka cewa mutane sun yi rububi a kan fiƙihu alhali garuruwansu babu likita Musulmi. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

To, akwai buƙatar? Ku duba ƙasarmu. Makarfi da Kudan an san su da rake, Ikara da tumatir da masara, ga wake ga gyaɗa ga waken suya. Motoci na lodi zuwa Kudu. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Talauci na ciki, babu musu. Amma idan gida akwai buhun wake ga yaro da tamowa, ka san matsalar ba ta rashi ba ce kaɗai. Yaron da ake ɗura wa kokon masara zalla safe da yamma zai ƙoshi, jikinsa kuwa bai samu abin ginuwa ba. Ga masu zubar da nonon farko wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Masana sun ce kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, a nan jiki da ƙwaƙwalwa suke ginuwa, kuma abin da ya kuɓuce a lokacin da wuya a maido shi. Wannan yaron fa shi muke so gobe ya haddace Alƙur'ani.

Ku tuna Sayyidina Umar (RA). Wani dare yana gadin ayarin fatake a Madina, ya ji jariri yana ta kuka. Ya je ya tambayi uwar, sai ta ce yaye shi take yi da ƙarfi, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Ashe dokarsa ce take sa yaron kuka. Da gari ya waye ya sanar cewa kowane jariri yana da kaso tun daga haihuwa. Ya ji kuka, ya binciki dalili, ya gyara tsari. Ai wannan shi ne aikin da ake koyarwa a fannin nan.

Don haka na ce masa: ɗana, je ka yi karatunka. Amma abin da nake ji maka tsoro ba shi abokinka ya faɗa ba.

Mai wannan bincike zai shiga ƙauye da ma'aunin damtse. Idan damtsen yaro ya gaza santimita 11.5, ma'aunin ya nuna ja, yaron yana cikin haɗari. Uwa za ta buɗe masa ɗakinta, ta faɗa masa abin da suka ci jiya, maganar da ko maƙwabciyarta tana kunyar faɗa wa. Da wannan zai rubuta kundinsa, a kira shi Dakta. Tambayata ita ce: me uwar ta samu? Idan ya rubuta lambar yaron ya wuce, ya ɗauki digiri ya tafi Abuja, ba a sake ganinsa ba, to da yunwar ɗan wani ya gina sunansa. Ni ban ga yadda wannan zai fita daga cin amana ba.

Sai na ba shi sharaɗi uku. Duk yaron da ma'auni ya nuna ja, kada ya bar gidan sai ya haɗa iyayen da asibiti, ko da hakan zai jinkirta masa aiki. Kada ya ƙirƙiri adadi ko ya gyara shi don ya yi daidai da abin da yake so, domin shaidar zur ce da za a gina tsarin lafiya a kanta. Sannan idan ya gama ya dawo da sakamakon ga masu shi, da Hausa, a ƙofar fadar mai gari, a Islamiyyun mata, a gaban ɗaliban kwalejin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, waɗanda su ne za su zauna a ƙananan asibitocinmu.

Mu ma malamai muna da laifi. Sau nawa muka karanta aya ta 233 a Suratul Baƙara, muka tsaya a kan shekara biyun shayarwa, muka yi sauri a wajen da aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa? Magidanci ya ci tsire a bakin titi, mai jego tana gida da tuwo miyar kuka ba ko man ja. Wannan ba ya buƙatar digiri, yau za ka iya gyara shi.

Allah Ya ba shi ilimi mai amfani, Ya tsare masa niyyarsa, Ya raya mana zuri'a cikin lafiya da imani. Wallahu a'alam.