Gajiya Ko Lalaci?

Akwai wata irin gajiya wadda barci ba ya maganinta. Takan kama masu rubuta manhajar kwamfuta ƙwarai. Saurayi ya taso daga Mandouri, ya yi karatu a Dapaong ko Sokodé, ya sami aiki a Lome. Da fari yakan kwana yana aiki don sha'awa. Bayan 'yan shekaru sai ya zauna gaban kwamfuta tun safe har azahar bai rubuta layi goma ba, ko ganinta ma ba ya so. Ga iyaye da ƙanne a gida, fiye da kilomita 600 daga inda yake, suna jiran abin da zai aiko ƙarshen wata. Shin wannan malalaci ne? In ya tsaya ya huta, ya ci amanar masu dogara gare shi ke nan?

Ruwa ba ya tsami banza. Malalaci tun asali ba ya son aiki, amma wannan son aikin ne ya cinye shi. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya bayyana wannan hali bayan ya gan shi a jikin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York na Amurka. Ya lura waɗanda suka fi ƙwazo su ne suka fi faɗawa ciki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin yana fitowa ne daga matsin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba, ta kuma ba da alamunsa uku: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga rai, da raguwar abin da mutum ke iya yi.

Dalilin da ya sa aikin manhaja ke jawo haka a fili yake. Manomi a kwarin kogin Oti yana da damina, yana da kaka, yana da rani. In ya kai kunya ta ƙarshe yakan waiwaya ya ga abin da ya nome. Manhaja kuwa ba ta ƙarewa. A gyara kuskure ɗaya, biyu su fito. Abin da aka koya bara ya tsufa bana. Waya na aljihu, mai aiki na iya kira ko da tsakar dare.

Ba a ce kada a yi wahala ba. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Togo ta fito da tsarin Novissi, wanda ya kai wa mabuƙata tallafin kuɗi ta wayoyinsu, kuma cikin 'yan kwanaki aka gina shi. Rashin barci irin wannan yana da dalili, yana kuma da iyaka. Laifin shi ne a mai da kowane mako tamkar na annoba.

Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19, ta Sansanne-Mango da ƙasar Sokodé, sun san wannan. Tafiyar watanni ce, don haka madugu ba ya jira sai jakuna sun faɗi kafin a sauke kaya. Tun ba a tashi ba an san inda za a ya da zango. Daga nan ne unguwannin Zongo na garuruwan Togo suka sami sunansu. Ba wanda ya taɓa kiran ayari malalaci don ya kwana a zango.

To, haƙƙin yana wuyan mutum biyu. Ma'aikaci ya yanka wa aikinsa lokacin tashi, ya ɗauki hutunsa cikakke, ya faɗa wa shugabansa gaskiya cewa kayan sun yi nauyi, ya gaya wa na gida abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. In abin ya kai ga rashin barci da baƙin ciki mai daɗewa, ya ga likita, ba abin kunya ba ne. Mai aiki kuma ya sani shi ne madugu. In ya ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum uku, ba shi da bakin zarginsa da kasala.

Wanda ya huta bai ci amanar danginsa ba, domin abin da suka dogara gare shi ba albashin wata ɗaya ba ne, lafiyarsa ce ta shekaru masu zuwa. Sannu ba ta hana zuwa.