Wa Ake Ajiye Wa?

Kan sarki ba ya shiri da damina. A nan kudancin Kaduna, inda ruwa kan sauka tun Afrilu har Oktoba, takarda tana shan laima ko da tana ƙasan akwati. Ƙaron da ke bayan kan sarki ya jiƙe, su manne da juna, fumfuna ta hau su. Shi ya sa duk tsawon damina gwangwanayena a rufe suke, da kafur a ciki saboda kyankyaso da gara. Sai hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe duwatsun Kagoro har ba a ganin kansu daga ƙofar gidana, sannan nake fito da su. Waɗanda ke maƙale a guntun ambulan in jiƙa su a ruwan ɗumi, in jera su a tsohuwar jarida, iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya ta busar da su kafin rana ta yi tsaka. Sai dai a danne su da littafi mai nauyi, in ba haka ba su nannaɗe.

Da wannan iskar kowa a ƙauyenmu yake aiki. Mata da yara suna zaune tun da asuba a bakin wuta suna tsaga citta, a kai ta kan fa a shanya. Ana sussukar dawa, ana yaɓe rumbun da damina ta zaizaye, ana yankan ciyawar jinka kafin wutar daji ta riga mutum. Watannin nan uku ba abin da ake yi sai ajiya. Ni ma ajiya nake yi, amma tasu za a ci ta, ko a sayar a biya kuɗin makaranta, ko a mayar da ita ƙasa in ruwa ya dawo. Tawa ba ta shiga tukunya. Kan sarkin da aka riga aka buga wa hatimi ba zai kai wasiƙa ko Zonkwa ba. Tambayar da ta daɗe tana bina ke nan: mutumin da ya yarda cewa zai tsaya gaban Allah ya ba da lissafin kwanakinsa, yana da hujjar tara abin da ya riga ya gama aikinsa?

Ina ɗan firamare na fara tara kan sarki, wajen ƙarshen shekarun 1960. A lokacin wasiƙa a jirgin ƙasa take zuwa Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ke rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Ƙauye ba shi da gidan waya, sai akwatin makarantar mishan. Hedimasta ya je gari a keke ya kwaso, a raba bayan sujada ran Lahadi. Tsofaffin da 'ya'yansu ke soja, ko aikin masaƙa a Kakuri, ko haƙar kuza a Bukuru, sukan kira ni in karanta musu, in kuma rubuta amsa. Ladana ɗan ƙosai ne wani lokaci, amma abin da nake roƙo shi ne kusurwar ambulan. Na dabbobi ne ke yawo a shekarun nan, waɗanda aka fitar a 1965: giwa, damisa, gauraka, dorina. A cikin Littafi Mai Tsarki na babana kuma na tarar da na 1953, masu kan Sarauniya a gefe. Na ahu yana da hoton gyaɗa, na kwabo biyu yana da hoton haƙar kuza. Wannan na biyun nakan daɗe ina dubansa, domin kawunnena da ƙafa suka riƙa hawa Filato su yi wannan aikin don su samo kuɗin haraji. Da naira ta zo a 1973 sai ga na kwabo goma mai Yankari da na kwabo talatin mai kamun kifin Argungu, wuraren da ban taɓa takawa ba a lokacin.

A ranar godiyar kaka, kusan kowace shekara, pastonmu yakan ɗauko misalin nan na Luka sura 12, na mai arzikin da gonarsa ta yi albarka ya yanke shawarar rushe rumbunansa ya gina manya, a daren kuma aka karɓi ransa. Kowa a coci yana tunanin buhunansa, ni ina tunanin gwangwanaye. Ba na ɗaukar wannan da wasa. Na san inda wannan sha'awa take kai mutane. Akwai wani kan sarki guda na ƙasar Giyana ta Ingila, na 1856, wanda aka sayar a 2014 a kan kusan dala miliyan tara da rabi. Guntun takarda ne da bai kai tafin hannun jariri ba. Wanda ya mallaki irin wannan ba ya barin yaro ya taɓa, a ɗakin ajiyar banki yake kwana. Ba na jin zuciyata an yi ta da wani abu daban da ta masu sayensa.

Abokina Alhaji, wanda ke zuwa daga Kafanchan sayen citta duk hunturu, ubansa da nawa abokai ne tun kafin a haife mu. Wata rana ya same ni a zaure da jaridu shimfiɗe, ya tsuguna ya duba, ya ce, "Malam, kana ƙirga su?" Na ce me ya sa ya tambaya. Ya ce a Suratul Humaza wanda aka yi wa kashedi ba tarawa kaɗai ya yi ba, yana ta lissafa abin da ya tara, yana zaton dukiyar za ta dawwamar da shi. Ya ce Annabi Yusufu ma ya tara hatsi na shekara bakwai, ba wanda ya zarge shi, domin da yunwa ta zo ya buɗe. Kuma shi ɗan kasuwa ne, ya san bambancin daga cikin sana'arsa. Bayan cutar da ta cinye gonakin citta a 2023, a Kachia da Jaba da Kagarko har zuwa nan wajenmu, an ga iri biyu na masu ajiya. Akwai wanda ya ɓoye buhu yana jiran farashi ya ƙara hawa. Akwai tsohuwar da ta tsira da ɗan iri mai lafiya, ta binne shi a inuwa ta rufe da ciyawa, da damina ta raba wa maƙwabta. Daga waje duka biyun sun hana kasuwa kaya.

Maganarsa ta taimake ni, amma ba ta kai ni gida ba. Hatsin Yusufu an ci shi, irin tsohuwa an shuka shi. Nawa fa?

A Littafin Fitowa sura 16 na sami abin da nake riƙe da shi yanzu. Labarin manna ne, abincin da aka saukar wa Isra'ilawa a jeji, wanda Alhaji ya ce Alƙur'ani ma ya ambace shi. An umarce su kowa ya ɗebi na yini guda, kada ya bar saura ya kwana. Waɗanda suka ƙi ji suka ajiye, da safe suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Wannan kowa ya sani, ana wa'azi da shi. Abin da ba a cika karantawa ba yana ƙarshen surar: Musa ya sa Haruna ya ɗebi awo guda na wannan manna ɗin ya zuba a tulu, a ajiye shi tsara bayan tsara, don jikokin da ba su ga jeji ba su ga abin da aka ciyar da kakanninsu da shi. Abu ɗaya, sura ɗaya, an hana ajiye shi kuma an umarta a ajiye shi. Na farko mutum ya ajiye wa cikinsa ne, don bai amince gobe za a sake ba shi ba. Na tulu ba wanda zai ci. Ba shi da wani amfani sai a gan shi a tuna. Ashe akwai ajiyar da Allah ya yarda da ita wadda ba ta ƙosar da kowa, aikinta shaida.

To shaidar me kan sarki yake bayarwa? Kafin 1840, a Ingila, yawanci wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biya, in ba shi da kuɗi ya ƙi karɓa. Gyaran da Rowland Hill ya kawo, wanda ya haifi kan sarki na farko a watan Mayu na shekarar, shi ne mai aikawa ya biya tun daga farko. Tun daga ranar, duk kan sarkin da ka gani da hatimi a kansa yana gaya maka cewa wani mutum, a gari kaza, ran kaza, ya cire kuɗi daga aljihunsa don maganarsa ta isa wurin wani. Ga leburan kuza, kwabo huɗu abincin rana ne. Ya haƙura da shi don uwarsa ta ji yana raye. Wannan ne ya sa ambulan ɗin da ya zo mini cikakke, da suna da hatimin gari, ba na jiƙa shi. In na raba kan sarkin da ambulan, hoton damisa kawai ya rage mini. Wasiƙar da ke ciki kuwa ban taɓa riƙewa ba, ta mai ita ce. Abin da na karanta wa tsofaffi a ɗakunansu, na bashi da na aure da na rashin lafiya, amana ce, da ita za a binne ni.

Mu a wannan yanki muna da bukatar irin wannan shaida fiye da mutanen wurare da yawa. Yaran da aka haifa bayan rikicin Kafanchan na Maris 1987, suka ji na Zangon Kataf a 1992, suka ga na Afrilu 2011 da idonsu, da wuya su yarda cewa an taɓa zama wani iri daban. In ka gaya musu da baki, sai su ce tsofaffi ne ke gyara jiya. Takarda mai hatimi ba ta gyara komai. Ina da wani ambulan da aka buga wa hatimi a Enugu a 1970, 'yan watanni bayan an gama yaƙin basasa. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Inyamuri, da ya gudu daga Kafanchan a 1966, ya rubuto wa kawuna. Ni na karanta masa. Ba zan faɗi abin da ke ciki ba, amma na ga kawu ya tashi ya shiga ɗaki, bai fito ba sai da yamma.

Akwai kuma katin gaisuwa mai hoton Masallacin Ka'aba, wanda mahaifin Alhaji ya aiko wa babana daga aikin hajji. Babana dattijon coci ne, bai taɓa shiga masallaci ba, amma a cikin littafin waƙoƙinsa ya ajiye katin har ya rasu. A 2011 gidan su Alhaji yana cikin waɗanda suka ƙone, da hotuna da takardu da duk abin da ubansa ya bari. Da hunturun da ya biyo baya ya zo sayen citta, na ɗauko katin na miƙa masa. Ya juya bayansa ya ga rubutun ubansa, layi uku da boko mai karkata, da sa hannu da ajami a ƙasa. Ya ce, "Malam, wannan ai naku ne, babanka aka aiko wa." Na ce babana ya riga ya karanta. Ya sa shi a aljihun gaban rigarsa, muka koma maganar farashin buhu.

Katin nan yana cikin waɗanda na fi so, kuma wurinsa a gwangwani har yanzu ina jin babu shi. Amma a ranar na fahimci abin da mai rumbunan Luka ya rasa. In ka bi misalin a hankali, ba kowa a cikinsa sai shi. Da kansa yake shawara, kansa yake yi wa albishir, ba mata, ba ɗa, ba maƙwabci, ba ma leburorin da suka yi masa girbi. Girman rumbu bai dame ni ba kamar wannan kaɗaicin. Don haka tambayar da nake yi wa kowace takarda yanzu ita ce wa nake ajiye wa ita. In na iya kiran mutum, ko zuriya, ko yaran wani ƙauye, hankalina ya kwanta. In amsar ita ce ni kaɗai, don in ce ina da shi wani ba shi da shi, to wannan mannar da ta kwana ce, ko da kuwa ta yi kyau a ido.

Ba duka suke cin wannan jarrabawa ba. Ina da na ƙasashen da ban san kowa a cikinsu ba, na Hangari da na Polan, waɗanda na samu ta musaya da wani fada ɗan Ailan ina makarantar horon malamai. Ba su shaida komai game da mu, kyau kawai suke da shi. Na yi ta tunani a kansu, na ga cewa Wanda ya yi wa gauraka tukku bai yi don a ci ba, kuma yaron da ya ga jirgin ruwa ko dusar ƙanƙara a ɗan murabba'in takarda ya san duniya ta wuce tashar Kafanchan. Wannan ma abin a miƙa ne. Alhaji ya ba ni shawara irin ta masu sanin rabon gado. Ya ce in na mutu na bar su, magada za su kimanta su su ga ba su kai kuɗin akuya ba, ƙarshensu a kunna wuta da su wata safiyar sanyi. Abin da kake so ya isa hannun wani, in ji shi, ka kai da ƙafarka.

Mun shirya da hedimastan firamarenmu. In an gama bikin Afan na ɗaya ga Janairu yara suka koma aji, zan riƙa zuwa ran Juma'a da gwangwani ɗaya. Waɗanda ba su kan ambulan, kowane yaro zai zaɓi guda ya tafi da shi, bayan ya nemo ƙasar a taswira. Masu suna kuwa ina bin zuriyarsu gida gida, kuma yawancinsu ba su da nisa, jikokin suna nan suna tsaga citta. Na Enugu ne ya ba ni wuya, domin kawu bai bar ɗa ba, adireshin da ke bayan ambulan kuma na kwatas ɗin ma'aikatan jirgi ne. Wani mai sayar da kayan babur a kasuwar Kafanchan, mutumin can, ya ɗauki hotonsa a waya, ya ce in ya je gida Kirsimeti zai sa a yi cigiyar sunan a cocinsu da na maƙwabta. Sai tsakiyar Janairu zai dawo.