Tausa Kafin Ƙwaya: Ina Tausayi Yake?

A gidajen kula da tsofaffi na Amurka da Ingila, inda ciwon gaɓoɓi da na baya suka zama abokan zama, akwai tambayar da ta cancanci mu yi nazarinta: shin tausayi ne a jinkirta wa mai jin zafi magani mai ƙarfi irin mofin, a fara da tausa da gashi da motsa jiki?

Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Jikin tsoho ba ya tace magani da sauri, don haka mofin kan jawo masa rikicewar tunani da jiri, jirin kuwa kan kai ga faɗuwa da karaya. A shekarar 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fifita hanyoyin da ba na dangin mofin ba ga ciwo mai daɗewa, amma ta keɓe masu jinyar ciwon daji da masu ciwon ajali.

Sai dai muna ganin nauyin al'amarin yana kan masu jinya. Cicely Saunders, wadda ta kafa gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta nuna cewa zafi ya haɗa da tsoro da kaɗaici, kuma ba ta hana majinyatanta mofin ba. Miƙa ƙwaya aikin minti ɗaya ne. Tausa kuwa tana cin lokacin ma'aikaci. Gidan da ya rage magani bai ƙara masu jinya ba, azaba ya bar wa tsoho.

Saboda haka a fara da tausa, a kuma tambayi tsohon ko ta wadatar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ya ce zafin bai lafa ba, a ba shi maganin.