Aiki da Godiya: Abin da Malamin Yoga Ya Yi da Rashinsa

Cikin ayyukan da nake yi a gidan rediyo akwai karanta sanarwar rasuwa. Takarda ce gajera: sunan mamaci, unguwarsu, lokacin jana'iza, wurin zaman makoki. Minti guda ya isa, sai a saka talla. Wata rana wani dattijo ya kawo sanarwar matarsa da hannunsa. Na gaishe shi yadda baki ya saba: "Baba, ina aiki?" Ya ce: "Da godiya, ɗana." Hannunsa na rawa, takardar na rawa. Tun ranar tambaya ɗaya take bina: wace irin godiya ce wannan? Wanda aka raba shi da abokiyar zamansa jiya, me yake gode wa yau? Al'ada ce kawai ta harshe, ko akwai gaskiya a ƙarƙashinta?

Amsar da ta fi gamsar da ni na same ta a inda ban yi tsammani ba, a rayuwar wani malamin yoga ɗan ƙasar Indiya, B.K.S. Iyengar. Yoga tsohuwar tarbiyya ce ta Indiyawa, mai haɗa miƙe gaɓoɓi, sarrafa numfashi da tattara hankali wuri guda. Tushenta na cikin addininsu da falsafarsu, ko da yake a yau miliyoyin mutane suna yin ta don motsa jiki kawai. Ba kiran kowa nake yi zuwa gare ta ba. Mutumin nake dubawa, da abin da ya yi da abin da ya rasa.

An haifi Iyengar a 1918 a ƙauyen Bellur da ke kudancin Indiya, ana tsakiyar annobar murar da ta kashe miliyoyin mutane a duniya. Ya tashi yana yaro mai rauni: zazzaɓin cizon sauro, taifod da tarin fuka duk sun bi ta kansa, ga ƙarancin abinci. Mahaifinsa, malamin makaranta, ya rasu yana ɗan shekara tara ko kusa da haka. A 1934 mijin yayarsa, Krishnamacharya, wanda babban malamin yoga ne a birnin Mysore, ya kira shi ya zauna wurinsa ya koya. A 1937 aka tura shi birnin Pune ya koyar, yana matashi, ba kuɗi, ba Turanci mai kyau. A 1943 ya auri Ramamani. Ita ta riƙe gida a shekarun talauci, ta haifa masa ƴaƴa shida, har takan taimaka masa a atisayensa, ta riƙe shi ko ta danna masa baya don ya kai inda jikinsa bai kai ba shi kaɗai.

Sannu a hankali duniya ta buɗe. A 1952 ya haɗu da shahararren makaɗin goge na Turawa, Yehudi Menuhin, wanda ya gabatar da shi a Turai. A 1966 littafinsa Light on Yoga ya fito, aka fassara shi cikin harsuna da dama. Sai ya sami filin gina makarantarsa ta kansa a Pune. A farkon 1973, kwanaki kaɗan bayan bikin aza harsashi, Ramamani ta rasu. Ta sha wuyar tare da shi, ba ta ga ginin ba. Da aka buɗe makarantar a 1975, sunanta aka sa mata, kuma shi take ɗauke da shi har yau.

A nan mai saurin yanke hukunci zai ce: ai ga hikimar abin, da bai yi rashin lafiya ba da bai san yoga ba, da matar ba ta rasu ba da sunanta bai ɗaukaka ba. Ni ban yarda da wannan lissafin ba. Yara da yawa sun yi irin cutar da ya yi, ba su zama kowa ba, kabari ya karɓe su. Kuma babu mijin kirki da zai yarda a ba shi allon suna a bakin ƙofa a madadin matarsa. Rashi rashi ne. Wanda ya ce wa mai kuka asararsa riba ce, ya ƙara masa nauyi na biyu: ga zafin rashi, ga kunyar cewa yana jin zafin.

Abin da na gani a rayuwar Iyengar daban ne. Ma'anar ba ta kwance cikin rashin tana jiran a tono ta. Shi ya gina ta da hannunsa, kullum safiya. Duba aikinsa na yau da kullum. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne kayan tallafi: tubalin katako, ɗamara, igiya a jikin bango, bargo a naɗe, kujera. Wanda hannunsa bai kai ƙasa ba, sai a sa masa tubali, ƙasa ta taso ta same shi. Tsoho, mai ciwon baya, wanda ya tashi daga jinya, duk sun sami hanya. Ana iya cewa dabara ce kawai ta koyarwa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda ya san yadda jiki ke ƙin biyayya, wanda shi ma daga baya hatsarin babur ya taɓa masa kashin baya, wanda ya san amfanin hannun da ke tallafar mutum har hannun ya tafi, shi ne zai zauna ya yi tunanin mai rauni. Bai gode wa cuta ba. Ya hana ta tafiya a banza.

Haka ma ƙauyensu. Bayan ya yi suna ya koma Bellur ya taimaka aka gina makarantu da asibiti, a garin da shi kansa ya taso cikin rashin lafiya. Ya ci gaba da atisaye kullum har ya haura shekara 90, ya rasu a 2014 yana da shekara 95. Ƴarsa Geeta da ɗansa Prashant sun koyar a makarantar da ke ɗauke da sunan mahaifiyarsu. Kowace safiya sukan shiga ta ƙarƙashin sunanta su fara aiki.

Daga nan na fahimci cewa godiyar mai rashi tana fuskantar wurare biyu, kuma babu ɗaya daga ciki da yake shi ne rashin kansa. Na farko, abin da aka taɓa samu. Zafin rabuwa gwargwadon daɗin zama ne. Wanda ba a ba shi komai ba, ba ya kukan an karɓe. Shekara 30 na aure ba su goge ba don sun ƙare. Na biyu, abin da ya rage: numfashi, hannu, ɗalibi da ke jira, aikin da ba a gama ba. Malamin yoga yana da wata sa'a a nan, domin sana'arsa ita ce lura da numfashi, abin da dukanmu muke samu kyauta ba mu ƙirga ba. Wanda ya wuni yana ce wa mutane su ja iska a hankali su saki a hankali, da wuya ya manta cewa aro ce.

Sai dai akwai gyara guda. Ba kowa ne zai gina makaranta ba, kuma ba a bin mai makoki bashin wani babban aiki. Wata uwar, iyakar abin da za ta iya shi ne ta tashi ta hura wuta ta ciyar da yaran da suka rage. Wannan ma ya isa. Kuma godiya ba a karɓar ta da ƙarfi. Idan muka je gaisuwa, namu shi ne zama, da addu'a, da kai abinci, da haƙurin sauraro. Godiya ta mai rashin ce, shi zai faɗe ta ranar da ta nuna a zuciyarsa.

Dattijon nan ya dawo bayan wasu watanni da wata takarda, wannan karon sanarwar ɗaurin auren autarsu. Ya roƙe ni in ambaci sunan marigayiya a ciki, in ce ƴarta ce. Na karanta yadda ya so. Da zai tafi na sake tambayarsa aiki, ya sake cewa da godiya. Kalmomin ba su canza ba, amma ni na daina jin su kamar gaisuwar baki kawai. Jama'a masu karatu, idan kuka ji mai rashi ya ce da godiya, kada ku ɗauka ciwon ya warke. Yana faɗa muku ne cewa ya tashi, kuma akwai sauran aiki a gabansa.