Sabo Ba Lafiya Ba Ne

Idan Littafi Mai Tsarki na kusa, a buɗe Ayuba sura 38, wajen ƙarshenta, inda Allah ya tambayi bawansa ko wa ke tanada wa hankaka abinci.

Hankakan Abuja bai san dajin da kakanninsa suka sani ba. A 1976, lokacin da gwamnatin Murtala Muhammed ta zaɓi wannan wuri, ƙasar Gbagyi ce ta gonaki da duwatsu da rafuka. Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas, kwalta da siminti suka ci gaba da cin daji. Wasu halittun suka gudu, wasu suka zauna. Je ka bolar Gosa ka ga hankaka da balbela suna kiwo kafaɗa da kafaɗa da baban bola. A Mpape, ramin da aka bari bayan an fasa dutse ya cika da ruwa, ciyawa ta rufe gefensa, har mutane na zuwa ɗaukar hoto. Mun ɓata wuri, Mahalicci bai janye hannunsa ba. Wannan ya isa mu yi godiya.

Amma kada mu tsaya nan. A watan Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Chernobil, a ƙasar Yukren ta yau, ta fashe, aka kwashe mutane daga yankin. Akwai wani kwaɗon bishiya a can wanda launinsa kore ne shar. A 2022 masu bincike biyu, Pablo Burraco da Germán Orizaola, suka wallafa cewa kwaɗin da ke kusa da tashar sun fi duhu, wasu ma baƙaƙe ne wuluk. Bayaninsu shi ne sinadarin da ke sa fata duhu yana rage illar tururin nukiliya, don haka masu duhun suka fi tsira a shekarun farko, suka hayayyafa. Mutum ya ji wannan sai ya ce, to ai halitta tana gyara kanta. A'a. Ba kwaɗon ne ya sake riga ba. Koren da bai jure ba mutuwa ya yi, ba wanda ya ƙirga shi. Gubar kuma tana nan a cikin ƙasa.

Namu misalin yana kuka a kunnenmu kowane dare. Shekaru muna fesa magani, muna kwana cikin gidan sauro mai magani. Sauron da maganin bai kashe ba shi ya haifi na yau. Masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano sun nuna cewa sauron da ke yaɗa zazzaɓi a arewacin ƙasar nan ya daina jin DDT da irin maganin da aka daɗe ana sa wa gidan sauro, shi ya sa yanzu ake ƙara wa sababbin wani sinadari. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Najeriya ne. Ɗan Adam kuwa ba shi da saurin haihuwar sauro balle ya saba da guba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Allah ya ji ƙansu.

Hausawa suka ce sabo turken wawa. Wanda ya fara zuwa garin nan, ranar da aka fara ce masa ya “motsa” kafin fayil ɗinsa ya motsa, bai yi barci ba. Bayan shekara biyar shi ke koya wa baƙo yadda ake yi. Ƙaryar da ke sa gabansa faɗuwa ta zama gaisuwa. Yana ci, yana sha, ana yi masa ƙarin girma, ranar Lahadi yana benci na gaba, sai ya ɗauka lafiya ce. Abin da ya mutu a cikinsa shi ne wurin nan mai taushi da ke jin zafi idan an yi kuskure. Manzo Bulus, a Romawa sura 2, ya ja kunnen masu ɗaukar haƙurin Allah a matsayin izini. Haƙurin nan lokaci ne da aka ba mutum ya tuba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka shiga mota yau, tambayi kanka abu ɗaya da ya taɓa damunka wanda yanzu ba ya damunka. Ka ambace shi da sunansa a gaban Allah. Kwatar ƙofar gidanka ma, da ta toshe da ledoji tun damina, ba sai ka jira hukuma ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ke ciyar da hankaka ko a kan bola, mun gode da ba ka yashe mu ba. Ka gafarta mana ɓarnar da muka yi wa ƙasarka da ruwanka. Kada ka bar zuciyarmu ta yi kanta. Ka maido mana da jin zafin zunubi, ka ba mu ƙarfin gyara abin da hannunmu zai iya gyarawa yau. A cikin sunan Yesu, amin.